Bencin Dogo

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida 'yarka Yaya da yaranta. Yaya gwiwa, yaya kunne? Direban nan Sai-Gobe ya ce ya gan ka a ƙofar gida kana shan hantsi, ya yi ta rafka maka sallama kana kallon wani wajen. Na ce masa mutumin da guduma ta yi shekara da shekaru tana kuka a kansa, ba sallamar direba ce za ta juyo da shi ba. Shi ya sa na ɗauki biro, tunda kiran waya ba ya maka amfani. Jikina lafiya ƙalau. Abin da ba ƙalau ba shi zan gaya maka.

Kawu, an zare mini wuta.

Ka san akwatin nan da ke jikin shagon Shugaban layi, inda wutar gari da ta janareta suke haɗuwa su rarrabu zuwa shagon kowane mai walda. An ce kai ka kafa shi da hannunka. To, Shugaba da kansa ya buɗe shi da rana tsaka, mutane na kallo, ya kwance wayata, ya nannaɗe ta kamar igiyar shanya, ya rataye mini a ƙofa. Ya ce sai taron ƙarshen wata za a yanke magana: ko a mayar mini da wuta, ko in kwashe kayana a ba wani shagon. Wanin kuma ba ɓoyayye ba ne. Surukinsa ne, wanda ke yawo da injin walda a baro, yana wucewa yana auna ƙofata da ido.

Ga laifina. Matar Mai Gadaje ta rasu, tsohon nan na can ƙarshen layi, Allah ya jiƙanta. Ka fi ni sanin dokarku: in an yi wa ɗan layi rasuwa, ranar ba mai kunna inji, ba mai ɗaga guduma. Na sani, ba zan ce maka mantawa na yi ba. Akwai wata mata mai shagon kayan masarufi da ɓarayi suka ɓalle wa ƙofa, na yi mata alkawarin ƙyauren ƙarfe a ranar. Na tayar da inji na yi mata. Layi tsit, ni kaɗai ke watsa tartsatsi.

Amma ba don matar kaɗai na yi ba. Bara da Inna ta rasu, na sa wa shagon nan kwaɗo na tafi gida. Na dawo ido a kumbure, ko muryata ban gama samu ba. Ka san abin da na tarar? Janareta na ruri, Dogo, maƙwabcina na hannun dama, yana yankan rodi yana bin waƙar rediyo. Ya ɗage gilashinsa ya ce, "Malam Jarida, an dawo?" Shi ke nan. Haka suke kirana, don ina karanta tsofaffin jaridun da ake naɗo gilashin taga da su, kamar karatu wani ciwo ne. Ba wanda ya kashe ko da fanka. Ba wanda ya ce mini Allah ya ba da haƙuri. Wato matar Mai Gadaje mutum ce, uwata kuwa buhun yashi? In dokar ta 'yan layi ce, ni ɗan ina ne? In ni ba ɗan layi ba ne ranar kuka, me ya sa na zama ɗan layi ranar hukunci?

Na san zumuncinmu ya yi nisa. Kakanka da kakan Inna ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma bai fi sau biyu muka zauna tabarma ɗaya ba. Amma sunanka na ambata aka ba ni shagon nan, kuma Shugaba a hannunka ya koyi riƙe sandar walda. Layi biyu kawai nake roƙo. Ka rubuta masa ya mayar mini da wayata kafin taro. In na rasa shagon nan na koma ɗan kama-mini-nan, kuma ba don haka na baro gida ba.

Sai-Gobe zai dawo da amsarka, in ya ga dama ya tashi da wuri.

Naka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka. Gwiwa tana nan yadda ka sani, kunne kuma ya huta da surutun duniya. Yayarka da yara suna gaishe ka. Hannuna na rawa kwanan nan, don haka ba zan tsawaita ba.

Ba zan rubuta wa Shugaba ba.

Kada ka taɓa akwatin nan. Kada ka yi wa kowa gardama. Kullum da safe ka je ka zauna a bencin Dogo, ko ya kula ka ko bai kula ka ba, har ranar taro. Ranar taro kuma kada ka buɗe baki.

Tambaya ɗaya nake da ita, ka amsa mini tsakaninka da Allah. Da mahaifiyarka ta rasu, wa ka gaya wa?

Allah ya jiƙanta, mace ce mai kirki. Allah ya sanyaya maka zuciya.

Kawunka

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙin hannu. Ni dai ina nan, lafiya ba ta ƙare ba, aiki ne ya ƙare.

Na karanta takardarka a tsaye, na sake karantawa a zaune, ko zan ga wani abin da ya ɓuya mini. Ban gani ba. Na roƙi layi biyu zuwa ga Shugaba, ka aiko mini da layi huɗu a kaina.

Wa na gaya wa? Kawu, in nufinka ban aiko maka da labarin rasuwar da kaina ba, sai ka faɗa mini kai tsaye, ba sai ka jira na faɗi ƙasa sannan ka tuna mini ba. Gaskiya ne ban rubuto maka ba. A lokacin ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani. Amma ai ka ji, har ka aiko Yaya ta zo gaisuwa. Ashe abin na ranka tun bara? To ka yafe mini, amma wannan ba lokacin rama shi ba ne.

Kuma wai ma, wa ke yawon gaya wa mutane uwarsa ta mutu? A garinmu kafin in iso daga tasha, ƙofar gidanmu ta cika har bakin titi. Mai shayi ya rufe tebur, mai faci ya bar taya a ƙasa, tsohuwar da suka yi shekara ba sa magana da Inna ita ce ta fi kowa kuka. Ba wanda aka aika wa. Wancan garin ya ishe ni, ka sani. In ka yi atishawa a bayan gida, kafin ka fito an ce mura ta kama ɗan wance. Don in huta da idonsu na taho nan. Amma ko banza su sun san mutum ya yi rashi ba sai ya ɗauki lasifika ba. Nan kuwa? Kwaɗo a ƙofata kwana da kwanaki, inuwar rumfa ɗaya muke sha da Dogo, bai iya cewa lafiya kuwa ba. Sai in bi su shago shago, in ce don Allah ku taimaka ku ji tausayina?

Sannan ka ce in zauna a bencinsa. In zauna in yi me? In riƙa kora masa ƙuda? Masu ba ni aiki su zo su gan ni a ƙofar wani, hannu a haɓa, kamar wanda aka kora daga makaranta? Jiya wani ya zo da aikin tagogin gida guda. Na tsaya ina in'ina, ya kalli wayar da ke rataye, ya kalle ni, ya wuce shago na gaba. Ina ji ana ciniki. Surukin Shugaba kuma ya fara ajiye baronsa a jikin bangona, wai rana ta yi zafi. Na ce masa ya ɗauke ko in yi masa walda da ƙasa. Ya ce, "Da wace wutar?" Layi duk aka kwashe da dariya.

Kuma in yi shiru a taro! Kawu, na karanta abubuwa da yawa a jaridun nan da suke mini dariya a kai. Ko wanda ya yi kisan kai ana tambayarsa yana da abin cewa. Ni da na haɗa ƙyaure ɗaya sai in zauna kamar turmi a raba kayana?

Akwai wani mai fili a sabon titi, can wajen da ake gine-gine. Ya ce in zo in kafa rumfa, in nemi ƙaramin janareta nawa. Ba shugaba, ba taro, ba akwati. Ban amsa masa ba, don wurin ƙura ce da rana, kuma masu ba da aiki layinmu suka sani. Shagona nake so. Ni na zuba masa siminti, ni na ɗaga rufinsa.

Ina sake roƙonka. Ka manta da abin da na yi maka, ka rubuta wa mutumin nan.

Auta

*

Kawu,

Gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru.

Kullum sai na je tasha. Yau a ce Sai-Gobe bai shigo ba, gobe a ce motarsa na gareji. Ban san ko takardata ta same ka ba, ko ta iso ka ajiye ta ƙarƙashin matashi. Wannan ta hannun wani fasinja na ba da ita.

Taro jibi ne. Ban taɓa akwati ba, ka ga na bi maka ɗaya. Benci kuwa ban zauna ba, kuma ba zan zauna ba. Dogo ya fito da shi bakin hanya kwana biyun nan, yana goge shi da tsumma yana satar kallona. Wato har an shirya mini wurin zaman kunya, jira kawai ake.

In ka yi shiru don ka koya mini hankali ne, na koya: wanda ba shi da kowa a gari, bakinsa ne danginsa. Zan je taron, kuma zan yi magana.

Auta

*

Auta, uban 'yan zafin kai,

Yayarka ce ke rubutu. Muna gaishe ka. Yara lafiya. Baba ne ba lafiya, kuma da ka tambaya da kyau da ka sani. Ya zame a banɗaki ya bugu a ƙugu, muna asibiti tun kafin takardarka mai tsawo ta iso. Ita ma a aljihun direbanka ta yi ta kwana har ta sha man inji. Yau aka kawo su duka biyu tare. Ya samu sauƙi, yana zama, amma biro ya fi ƙarfinsa.

Na so in ɓoye masa su. Ya ƙwace ya sa tabarau. Da ya kai inda ka ce yana rama rashin aiko masa da labari, sai ya ajiye takardar a cinya. Kai dai anya! Mutum ya tambaye ka abu ɗaya, ka gina masa bene a kai. Duk karatun jaridar nan, layi ɗaya ya gagare ka? Ga abin da ya ce in rubuta, ban ƙara ba, ban rage ba, ko da yake na so in ƙara.

"Auta, ba ni nake nufi ba. A layi nake nufi. Wa ka gaya wa a layi?

"Da muka kafa wurin nan, babu biyu a cikinmu da suka fito gari ɗaya. Wani ko yarenmu bai iya ba. Wani ya gudo daga rigimar gado, wani daga gidan yari ya fito, wani matarsa ce ta bar shi. Ba wanda ya san uwar wani. Akwai wanda muka matsa wa da tambaya don ya rufe shago, ashe ɗansa aka kama da sata. Kunya ta sa ya kwashe kayansa, ba mu ƙara ganinsa ba. Daga ranar muka ce ba a tambayar kwaɗo. Wanda ya rufe ƙofa, ƙofarsa ce. Rashin tambayar nan da ya ƙona maka rai, shi ne mutuncin da muke yi wa juna.

"Amma in rasuwa ce, mutum zai je da ƙafarsa ya faɗa wa maƙwabcinsa na dama da bakinsa. Shi ya faɗa wa na damansa, har ta zagaye layi, a kashe inji. Garinku labari ke zuwa da kansa, don kowa ya san kakan kowa. A can sai ka ɗauke shi ka kai. In ba ka gaya wa Dogo ba, Dogo bai sani ba, kuma ba wanda ya sani.

"Benci kuma ba wurin kunya ba ne. Wanda aka zare wa wuta ba ya kare kansa a taro, don mai fushi ba ya faɗin abin da zai taimake shi. Maƙwabcinsa na dama ke tsaya masa. Zama a bencinsa shi ne roƙon. In Dogo ya fito da benci har yana gogewa, to ya riga ya amsa, kai yake jira. Ka je yau ɗin nan ka zauna, ka gaya masa zancen mahaifiyarka. In ya faɗe shi a taro, ba mai ɗaga hannu a kanka.

"Shugaba kuwa, in na rubuta masa zai mayar da wayar don kunyata, layi kuma ba za su ƙara ara maka ko ƙusa ba. Sunana ya shigar da kai, ba zai iya zaunar da kai ba. Laifina ne da na gajarta waccan takardar. Na ɗauka an gaya maka waɗannan tun zuwanka."

Nan ya tsaya, ya ce in ba mai motar da zai fara tashi. Na ba yaron Sai-Gobe, ya rantse mini za ta iso kafin taronku. Don girman Allah, Auta, sau ɗaya a rayuwarka ka riƙe harshen nan.

Yayarka

*

Kawu, da Yaya da na san ita za ta fara buɗewa,

Assalamu alaikum. Yaya jiki? Wallahi ban sani ba. Da na sani da ban rubuta rabin abin da na rubuta ba. Allah ya ba ka lafiya, ya tashi kafaɗunka. Yaya, sannu da jinya. Zagin da kika yi mini ya iso lafiya, bai fashe a hanya ba.

Amma ya iso da la'asar. Taro da safe aka yi.

An jera benci a ƙofar Shugaba kafin a tayar da janareta. Kowa ya zo, har Mai Gadaje da sandarsa. Ni na tsaya a tsaye, na harɗe hannu. Shugaba bai ko kalle ni ba. Dogo ya kalla.

Ya ce, "Dogo, maƙwabcinka ya zauna a bencinka?"

Dogo ya ce, "Bai zauna ba."

"To kana da abin faɗa a kansa?"

Dogo ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ni kuwa na ɗauka haɗin baki ne, an shirya wasan tun jiya. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

Ba zan maimaita maka duka ba. Na ce musu layin munafukai ne. Na ce Shugaba shago yake nema wa surukinsa, ya rasa hanya sai ta kan gawa. Na ce dokarsu ta masu furfura ce da 'yan uwansu. Wani ya ce, "Malam Jarida, zauna, ba a gidan rediyo kake ba." Na ce ba zan zauna ba sai an gaya mini wanda ya kashe ko da ƙwan fitila ranar da uwata ta mutu.



Dogo ya miƙe. Ka san tsawonsa, sai da ya sunkuya don kada rufi ya buge shi. Ya ce, "Wace uwar? Mahaifiyarka ta rasu? Yaushe?"

Na ce, "Bara. Lokacin da kake waƙa."

Kawu, ban taɓa ganin fuskar babban mutum ta koma haka ba. Ya ce, "Kai yaro, kai yaro. Tun bara? Kullum kana miƙo hannu ta saman katanga in ba ka tef ɗin awo, muna shan ruwa a kofi ɗaya, ka bar ni ina maka wasa? Ni kare ne da ba za ka iya yin taku huɗu ka gaya mini ba?" Na ce ai ya ga kwaɗo. Ya ce, "Kwaɗo na gani, ban ga gawa ba."

Da a nan aka tsaya, wataƙila da na sha. Sai Mai Gadaje ya buga sandarsa a ƙasa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifiyarka. Ba mu sani ba. Amma kai ka san tawa. Ranar ina zaune a ƙofar shagona ina karɓar gaisuwa, duk wanda ya zo sai ya ɗaga murya, don injinka na yanka ƙarfe. Ni ban yi maka komai ba."



Daga nan suka taso ɗaya bayan ɗaya, Shugaba a gaba, kowa ya ba ni hannu ya yi mini ta'aziyya. Har surukin. Sannan suka koma suka zauna, aka ce a ɗaga hannu, suka kore ni daga shagona. Dogo kaɗai bai ɗaga ba.

Ina zaune a kan injina a bakin titi, kayana a ɗaure, yaron Sai-Gobe ya miƙo mini takardarku yana murmushi, wai ya cika alkawari.

Na karanta. Yanzu na gane benci, na gane kwaɗo. Amma kada ku zaci na zo in ce komai daidai ne. Wace irin doka ce ba mai faɗa maka ita sai ka taka ta? Shekarun nan da na yi a layi, an koya mini wanda ake sayen rodi a wurinsa da wanda ke cuta a awo, ba wanda ya zaunar da ni ya ce in uwarka ta mutu ga ƙofar da za ka buga. Kowa ya ɗauka wani ya gaya mini. Kai ma haka ka ɗauka. Na faɗa wa Shugaba wannan a gaban shagonsa washegari, a hankali, ba ihu. Ya ce da gaskiyata, za a riƙa faɗa wa sababbi. Na ce to shagona fa? Ya ce hannun da aka ɗaga ba ya saukuwa.

Na je sabon titi na duba filin. Kowa da janaretansa, kowa da hayaƙinsa. Na yi sallama sau uku ba wanda ya ɗago. Na ga wani yana kokawa da ƙofar gareji shi kaɗai, ya tokare gefe ɗaya da dutse, tana zamewa yana zagi, na kusa da shi na cin abinci yana kallo. Ba mai zare maka wuta a can, wannan gaskiya ne. Na tsaya na ɗan lokaci, na dawo.

Na tarar Dogo ya ja injina ya shigar shagonsa. Na ce wa ya sa shi. Ya ce, "Hadari na haɗowa, kuma ba da kai nake magana ba." Bai yi mini magana ba har kwana biyu. A na uku ya turo mini gilashin walda da ƙafa, ya nuna mini tagogin da ya kasa gamawa. Yanzu a nan nake. Aikin da na samo nawa ne, wanda ya samo in taya shi. Ba sunana a ƙofa. Ya ce in wani ya tashi daga shagonsa a layi shi zai tsaya mini, amma ka san mutanenku, ba sa tashi sai an ɗauke su. Jiya yana auna ƙarfe, bai ɗago ba, ya tambaye ni wane ciwo ne ya ɗauke ta. Na gaya masa. Muka daɗe muna magana.

Surukin Shugaba ya tare. Ya shafe ƙofata da wani koren fenti mai tayar da zuciya. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina jin duk abin da yake yi a kan simintin da na zuba. Ɗazu ya leƙo, ya rasa inda zai sa idonsa, ya ce wai ko zan kama masa bakin wani dogon ƙarfe, shi kaɗai ne. Dogo ya ci gaba da aikinsa kamar bai ji ba, amma na ga ya rage ƙarar rediyo.

Na kama masa. Waldarsa duk ƙuraje ce, wuta ta yi masa yawa, ƙofar nan ba za ta ga damina biyu ba. Ban gaya masa ba tukuna.

Kawu, ka bi maganar likita, kada ka ce za ka taka da wuri. Yaya, amsar wannan kada ki ba Sai-Gobe.

Naku,
Auta